Ta yaya ƙaramar ƙungiya za ta yi tashe a soshiyal midiya har 'yan jarida su waiwayo ta?

Uwar Kauɗa ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a wannan zaure. Mu ƙungiyar mata ce a yankin Kura, mu 38. Muna sayen tumatir a Kwanar Gafan lokacin da ya yi araha, mu yanka, mu busar a kan gadajen raga maimakon shanyar ƙasa, mu ɗura a leda. Muna da shafin Facebook, mabiyanmu ba su kai 700 ba, kuma duk abin da muka sa bai wuce mutum 10 ko 15 su kula shi ba. Burinmu gidajen rediyo da jaridu su san da mu, ko manyan masu saye da masu ba da tallafi sa ji labarinmu.

Wani yaro ya ce mu ba shi naira 120,000, zai kawo mana mabiya 10,000 ya sa mu yi tashe cikin kwana uku. Abin da muka ware wa wannan aiki gaba ɗaya naira 150,000 ne. Mu ba shi? In ba mu ba shi ba, ta ina za mu fara? Sannan in abu ya yaɗu a intanet, 'yan jarida da kansu suke zuwa ko sai an kira su?

Tsohon Edita ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ku ba shi. Dalilin zan bar wa waɗanda suka fi ni sanin cikin Facebook. Ni bari in ɗauki tambayarki ta ƙarshe, don ita ce gindin maganar.

Yaɗuwar abu tana sa ɗan jarida ya waiwayo ne kawai. Da ya waiwayo, tambayoyinsa uku ne: me ya faru, wa zan kira ya tabbatar min, me zan nuna ko in jiyar. In bidiyonku ya samu kallo 200,000 amma ba a san ranar da aka ɗauka ba, ba a san garin ba, babu lambar da za a kira, to a taron editoci na safe ko minti ɗaya ba zai ci ba za a wuce shi. Saboda haka kafin ku nemi tashe, ku fara shirya abin da ɗan jarida zai tarar in ya zo.

"Mata sun kafa ƙungiya suna busar da tumatir" bayani ne, edita ba zai kira shi labari ba. Labarin yana cikin farashi. Kowace shekara, daga wajen Janairu zuwa Maris, tumatirin rani na Kadawa da Kura da Garun Malam yana cika kasuwa har manomi ya rasa mai saye, wani ya ruɓe a kwando. Da an shiga Mayu damina ta kawo kai, sai ya yi tsada daga 'Yankaba har Mile 12 a Legas, uwargida ta fara ƙirga ƙwaya. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kuma duk shekarar da ta dawo sai jaridu sun tashi. Ke nan sau biyu a shekara ɗakunan labarai suna neman wanda zai yi musu maganar tumatir: lokacin asara da lokacin tsada. Ku kuwa kuna tsaye daidai tsakanin biyun, kuna ɗauko arahar Fabrairu kuna kai ta Yuni. Wannan shi ne labarinku, kuma a waɗannan watanni za ku buga ƙofa.

Sai kuma ku ba shi rana da wuri da adadi. Ku dubi dogon girkin neman kambun duniya da Hilda Baci ta yi a Legas a Mayun 2023. Masu girki sun yi yawa a Instagram, amma ita ta sa wuri, ta sa agogo yana tafiya, mutane suna iya zuwa su gani da idonsu, har gwamnan jihar ya je. Daga baya masu kundin bajinta na Guinness suka tabbatar mata da awa 93 da minti 11 tana girki. Agogon nan shi ya ba kowane gidan jarida dalilin komawa kan labarin safe da yamma. Ba cewa nake ku nemi kambun duniya ba. Naku zai iya zama haka: ranar Talata kaza, ƙarfe 10 na safe, a gari kaza, mata 38 za su yanka kwando 60 na tumatirin da ya rasa mai saye. Mai kyamara ya san abin da zai ɗauka, edita ya san abin da zai sa a kanu. Amma adadin da kuka faɗa ya zama shi za a tarar. In kun ce 60 aka ƙirga 25, wakilin ba zai yi muku faɗa ba, wayarku ce kawai ba zai ƙara ɗauka ba.

Takardar sanarwa shafi ɗaya ta isa, kalma 250 zuwa 300, ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci. Sakin layi na farko ya ɗauke su wa, me, ina, yaushe. Na biyu ya kawo alƙaluman da kuka auna da kanku: nawa kuka sayi kwando, kwana nawa yake bushewa, kilo nawa yake fitarwa. Na uku maganar shugabarku jimla biyu, yadda take magana a baka. A ƙasa suna da lambar wadda za ta ɗauki waya. Tarihin kafa ƙungiya da godiya ga masu girma duk ku cire, su ne ke tura ainihin labarin zuwa ƙasan shafi inda ba a kaiwa.

Kada ku aika wa "gidan jarida", ku aika wa mutum. Ku zauna da waya ku duba labaran noma da kasuwa na wata uku da suka wuce a Aminiya, Daily Trust, Premium Times Hausa, BBC Hausa, DW, RFI da TRT Afrika, ku rubuta sunayen waɗanda suka kawo rahoton daga Kano. Za ku samu mutum 12 zuwa 15. Ku sa wakilin NAN a sahun gaba, domin kamfanin dillancin labarai ne, abin da ya rubuta jaridu da dama ke ɗauka. Kowa saƙonsa daban, da sunansa, da ambaton rahoton da ya taɓa yi a kan tumatir ko noman rani. In kuka zuba su a guruf ɗaya, kowa zai ga kowa ya samu, sai duk su bari. Gayyata ta tafi saura kwana uku, da safe tsakanin 8 da 10, tunatarwa da yammacin jajibere. Ku kauce wa Juma'a da rana da duk ranar da ake wani babban taron siyasa a gari.

Wanda bai samu zuwa ba ku tura masa hoto biyar da gajeren bidiyo kafin azahar ta ranar. Ku tura su a matsayin dokumen a WhatsApp, don turawar da aka saba tana matse hoto ta rage masa kyau, kuma tana goge bayanan ranar ɗauka da masu tantance labari ke dubawa. Kowane hoto da sunayen waɗanda ke ciki daga hagu zuwa dama.

Anti Mai Talla ta rubuta:

Yaya, ga dalilin da Malam Edita ya bar mana. Facebook ba ya nuna abin da kuka sa ga duk mabiyanku. Yana fara gwada shi a kan kaɗan daga ciki, in sun tsaya sun kalla, sun yi tsokaci, sun tura wa wasu, sai ya ƙara buɗe masa hanya. Yanzu mabiyanku 700 mutane ne na gaske. In aka zubo muku 10,000 na bogi, na gasken sun koma ɗaya cikin 15. Duk gwajin da za a yi zai faɗa kan asusun da babu kowa a bayansu, injin ya ɗauka abinku ba ya jan hankali, ya daina turawa. Kun biya kuɗi an binne muku shafi ke nan. Ga kuma wata: irin waɗannan yaran sukan ce a sa su admin. Mai cikakken iko a shafi yana iya cire ku a minti ɗaya. Tun yau ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kuma masu cikakken iko kada su wuce mutum biyu daga cikinku.

Babu mai iya yi muku alkawarin tashe, ko kamfanonin da ke kashe miliyoyi ba su da wannan tabbacin. Abin da ake yi shi ne a shirya bidiyo shida zuwa takwas, a sake su ɗaya bayan ɗaya cikin mako uku, a ga wanda ya kama.

Kuma kuna da abin nunawa, gani ya kori ji. Abin da ke hana mata da yawa sayen kauɗa shi ne ƙasa da tsakuwa. To ku samo farin kwano, ku zuba kauɗarku, ku zuba ruwan ɗumi, ku bari ta jiƙa, ku tsame, sannan ku karkata kwanon a gaban kyamara a ga gindinsa fes babu yashi. Kada a yanke bidiyon a daidai wurin tsamewa da karkatawa, in an yanke za a ce an canja kwano. Na biyu: cikakken kwandon ɗanyen tumatir a gefe, abin da ya koma bayan ya bushe a ɗaya gefen. Tumatir fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne, don haka bambancin zai ba mai kallo mamaki, kuma shi zai fahimtar da shi dalilin farashinku ba tare da kun yi dogon bayani ba.

Tsawon kowanne daƙiƙa 30 zuwa 45, wayar a tsaye. Daƙiƙa uku na farko su ne komai: a fara da hannu yana zuba ruwa a kwano, sallama da gabatar da ƙungiya su biyo baya. Ku ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, rana a bayan mai ɗauka, a goge gilashin kyamara da gefen mayafi kafin a fara. A rubuta muhimman kalmomi a jikin bidiyon saboda masu kallo ba murya. Kiɗa ba dole ba ne, ƙarar wuƙa a kan faranti da hirar mata sun fi shi, kuma waƙar wani tana iya sa Facebook ya kashe muku sautin gaba ɗaya. Sunan ƙungiya da lambar waya su zauna a jikin hoton bidiyon, domin in ya shiga WhatsApp yana yawo, rubutun da ke ƙarƙashinsa yakan ɓace a hanya. Duk abin da kuka ɗauka a tsaye, ku maimaita shi wayar a kwance ku ajiye, shi gidan talabijin zai nema.

Wajen yaɗawa, a ƙasar nan WhatsApp ne kasuwar, amma yana da iyakoki da ya kamata ku sani. Tun Janairun 2019 saƙo ba ya turuwa ga fiye da wuri biyar a lokaci ɗaya, kuma tun Afrilun 2020 wanda aka riga aka yi ta turawa sai wuri ɗaya-ɗaya. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa yana ɗaukar 256, kuma wanda bai ajiye lambarku ba ba zai samu ba. Mafita ita ce kowace cikin ku 38 ta samu bidiyon a wayarta ta ɗora shi sabo a sitatus, duk a yini ɗaya, bayan isha'i lokacin da mata suka huta. Nauyinsa kada ya wuce megabait 8 zuwa 10, mai data ta naira ɗari biyu ba za ta buɗe abin da ya fi haka ba. A Facebook ku ɗora bidiyon kai tsaye, kada ku sa mahaɗin YouTube. Awa ɗaya ta farko mutum biyu su zauna suna amsa kowane tsokaci. Ku guji rubuta "ki tura wa mutum goma" ko "duk mai ƙaunar mata ya danna", tun Disambar 2017 Facebook ya sanar yana danne irin wannan roƙon.

Abin da ke sa mutum ya tura abu shi ne ya samu rawar da zai taka a ciki. Gasar zuba ruwan ƙanƙara ta 2014 a Amurka, wadda ta tara wa ƙungiyar masu cutar ALS (cutar jijiya mai shanye jiki) dala miliyan 115, ta yaɗu ne don kowa yana ɗaukar nasa bidiyon ya kira sunan wasu su ma su yi. Ku ma ku ce wa mata kowace ta yi gwajin farin kwano da kauɗar da ke kicin ɗinta ta turo.

Ga yadda zan raba kuɗin. Wajen 25,000 ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga da sandar riƙe waya, ku taya a Farm Centre. Wajen 40,000 samfur da kuɗin aike ga masu koyar da girki biyar ko shida. Ku nemi masu mabiya 10,000 zuwa 50,000 waɗanda ake yi musu tambayar girki ta gaske a ƙarƙashin bidiyo, kuma kafin ku aika ku ce su turo hoton shafin alƙalumansu da ke nuna garuruwan masu kallonsu. In rabin masu kallon ba a Najeriya suke ba, ku wuce. Sai wajen 30,000 na biyan Facebook ya tura, amma sai bayan kwana biyu kun ga bidiyon da ya fi tafiya da ƙafarsa, shi za ku sa wa 4,000 a rana na mako guda, ku zaɓi mata a Kano da Kaduna da Abuja, ku tuna akwai harajin kashi 7.5 a kai. Ragowar ku riƙe na ranar taron.

Uwar Kauɗa ta rubuta:

Allah ya saka da alheri, Malam, Anti na gode ƙwarai. Abu biyu ne suka tsaya min. Wasu daga cikin matanmu mazajensu ba za su yarda a nuna fuskarsu ba. Sannan lambar NAFDAC ba mu samu ba tukuna, rajistar ƙungiyar gama kai kawai muke da ita. Wannan zai hana?

Lauyan Unguwa ya rubuta:

Hajiya, gara da kika faɗi na biyun, don shi ya fi komai muhimmanci a duk zaren nan. Abincin da aka ɗura a leda aka sa masa suna ana sayarwa yana ƙarƙashin NAFDAC, tallarsa ma haka. Yau ba wanda ya kula ku saboda ba a san ku ba. Ranar da bidiyonku ya zagaya, cikin masu kallo akwai jami'an hukuma, akwai kuma abokan hamayya, kuma tambayar farko da za ta fito a tsokaci ita ce ina lambarku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku je ofishinsu na Kano ku fara cika takardu yanzu, akwai tsarin da aka yi wa ƙananan masana'antu. Kafin lambar ta fito, labarinku ya tsaya a kan asarar tumatir da hanyar busarwa mai tsafta da aikin da mata suka samu. Wannan ba talla ba ce. Amma nuna leda mai tambari da farashi da "a yi oda yanzu", da biyan Facebook ya tura, da ba masu girki kaya su yaba, ku dakata da su. Wato kashi biyu na kasafin da Anti ta zana su jira lambar. In ɗan jarida ya tambaya, ku faɗi gaskiya: mun shigar da takardu ranar kaza. Kuma ko da wasa kada ku buga lambar wani a ledarku.

Kada wata ta ce kauɗarku tana maganin hawan jini ko tana ƙara jini. Da an faɗi haka an fita daga abinci an shiga da'awar magani. Ku kuma sani dokar hukumar kula da talla ta ARCON ta 2022 ta haɗa har tallar da ake yi a soshiyal midiya, tana neman a tantance talla kafin a sake ta. Duk mai girkin da kuka ba kuɗi ko kaya, ta faɗa a fili cewa talla ce.

Gwajin kwano dabara ce mai kyau, amma da sharaɗi: ku nuna naku kawai. Kada a nuna ledar wani, ko rumfar wani a kasuwa, ko a ambaci garin da ake shanya a ƙasa. Wannan ƙofar ƙarar ɓata suna ce, ga kuma gaba da maƙwabtan da gobe a wurinsu za ku sayi tumatir. In kun gayyaci mata su turo nasu gwajin, ku rubuta wannan sharaɗin a sanarwar, wanda ya saɓa kada ku ɗora.

Maganar fuska mai sauƙi ce. Hannu da wuƙa da raga da kwano sun isa bidiyo. Ku ware mata uku ko huɗu da suka yarda kuma gidajensu suka yarda, su ne fuskar ƙungiya. Yardar ta zama a rubuce, ko a naɗi muryar mai ita tana cewa ta amince a sa hotonta a intanet da jarida, domin abin da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana ɗaukar hoton mutum a matsayin bayanansa. Ranar taro ku gaya wa masu kyamara tun a bakin ƙofa su wa za a ɗauka, ku zaunar da sauran a gefe ɗaya. Yara kuma kada a gan su da wuƙa suna yanka, balle a lokacin makaranta. Hoto ɗaya irin wannan ya isa ya juya labarin ya koma na sa yara aiki, kuma masu tallafin da kuke nema su ne farkon gudu.

In wata ta rubuta cewa ta saya ta ga fumfuna ko ƙasa, kada ku goge, kada ku zage ta, kada wani ɗan'uwa ya ce zai kai ta wurin 'yan sanda. A Satumbar 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi, kamfanin ya kai ƙara aka kama ta, maganar ta kai kafafen labarai na duniya, mutane suka yi ta kiran a ƙaurace wa kayansa. Amsarku a fili ta zama gajeriya: mun gani, ki ba mu lambarki, za mu canja miki mu kuma duba rukunin da aka ɗura ranar. Don haka ku riƙa rubuta ranar ɗuri a kowace leda. Zagi da batsa kuwa, waɗanda ba a rasa su in mata suka fito, a ɓoye su a toshe mai su ba tare da musayar magana ba.

Na-Rediyo ya rubuta:

Ranki ya daɗe, duk abin da aka faɗa daidai ne, sai dai an yi wa rediyo rowa. Dillalin da zai sayi buhu 50 a wurinku ya fi yiwuwa ya ji ku a Freedom ko Rahama ko Arewa Radio ko Rediyon Kano yana cikin rumfa, fiye da ya gan ku a Instagram. Shirye-shirye irin su Inda Ranka abincinsu ke nan, abin da ke faruwa a gari da bakin masu shi. Kuma masu shirya su suna cikin guruf-guruf na WhatsApp kamar kowa, a nan suke tsintar rabin abin da suke bi.

Ku bambance abu uku, don a nan ake cutar mutane. Akwai labari, wanda edita ke zaɓa. Akwai sanarwa ko talla, mai farashi a rubuce a sashen kasuwanci. Akwai shirin da ake ɗaukar nauyi, minti 15 ko 30, shi ma da farashinsa. Na biyu da na uku a ofis ake biya a karɓi rasit. Wasu tashoshin suna da farashin ɗauko rahoton taro, in haka ne shi ma a ofis da rasit. Wanda ya ce ku ba shi a hannu zai sa a saka, ba ku da hujjar da za ku riƙe in ba a saka ba. Manyan kafafen waje kuwa dokar aikinsu ta hana wakili karɓar komai, miƙa masa ambulan na iya kashe labarin.

Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce wakilai da yawa da kuɗin aljihunsu suke zirga-zirga, kuma Kura ba nan kusa ba ce. Maimakon rabon na goro, ku ɗauki hayar mota ɗaya ta kwaso su daga sakatariyar ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ ƙarfe 9, ta mayar da su kafin ƙarfe 1 don su samu labaran rana. Ku fara a kan lokaci. Kada ku ajiye su suna jiran wani babban baƙo.

Murya ita ce hoton rediyo. Ku zaɓi mace ɗaya mai magana a nutse, ta riƙe abu uku a ka: nawa kwando yake yau, nawa yake kaiwa da damina, mata nawa ke ci daga aikin. Kowace amsa daƙiƙa 20 zuwa 30, ta fi haka za a yanke, kuma ba ita za ta zaɓi inda za a yanke ba. Kada ta karanta takarda, ana ji. In za ku naɗa ku tura, ku shiga ɗaki mai katifa da labule, a kashe fanka, a yi nesa da janareta, a sa wayar a yanayin jirgi, tazarar taƙi ɗaya daga baki. A cikin labarai ba za a karanta lambar wayarku ba, wannan ya zama talla. Saboda haka sunan ƙungiyar ya zama gajere, iri ɗaya a Facebook da leda da bakin mai magana, yadda wanda ya ji zai iya nemo ku.

In an watsa, ku roƙi sautin ku ɗora a shafinku da sunan tashar da na wakilin. Shi za ku haɗa a saƙonku na gaba zuwa ga jaridun da ba su zo ba. Edita ya fi sakin jiki da labarin da wata kafa ta riga ta taka ta gani.

Tsohon Edita ya rubuta:

Na yarda da gyaran Barista, a bi da tsarinsa. Abin da ya rage shi ne kwana biyun da ke biyo bayan fitar labari, don a nan ƙananan ƙungiyoyi suka fi faɗuwa. Waya za ta yi ta ƙara, in ba a ɗauka ba ba a sake kira. Ku ware layi ɗaya, ku sa masa WhatsApp Business da amsar kai tsaye mai faɗin inda kuke da lokacin da za a kira, mata biyu su yi karɓa-karɓa, da abin cajin waya a kusa. Ku san yawan kayan da ke ƙasa kafin ku buɗe baki. Mai kilo 200 da ta karɓi kuɗin kilo 1,000 ta sayi rigimar da za ta fi labarin yaɗuwa.

Duk wanda ya kira a tambaye shi a ina ya ji ku, a rubuta a littafi tare da lambarsa in ya yarda. Bayan wata guda littafin zai nuna muku ko rediyo ce ta kawo masu saye ko sitatus, abin da yawan kallo ba zai faɗa muku ba. Lambobin kuma naku ne. An rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke wajen awa shida a duniya baki ɗaya.

In an yi kuskure a rahoto, ku kira wakilin shi kaɗai ku ba shi daidai, kada ku fara da ƙorafi a fili. Sannan tun daga kwandon farko na bana ku riƙa rubuta ranar saye da farashi, ku ɗauki hoton shafin littafin. A watan Yuni, in ana kukan tsada, ku kira waɗannan wakilai ku ce ga tumatirin da muka saya ranar kaza ga Fabrairu a kan naira kaza, ga shi nan a ajiye, ku zo ku jiƙa ku gani.